Manaja da Robar Feshi

Aman farko a kan filona ya sauka, na biyu a cikin takalmin Babanta, na bayansu kuwa ƙararsu kawai na ji ina banɗaki ina neman baho. Kafin gari ya gama wayewa gudawa ta biyo baya. Na canza zanin gado, na canza na jikina, na sake canza na gadon, daga nan na daina ninke komai, jifa kawai nake yi cikin bokiti.

Manaja 'yata ce, shekara biyu ba ta cika ba. Babanta ne ya laƙaba mata sunan. Ni kitso nake yi a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu, ita kuma tun da ta fara tafiya ta ƙwace shagon daga hannuna. Ita ke nuna wa mata inda za su zauna. In wata ta hau kujerar da ba ta so, sai ta tsaya a gabanta ta riƙe ƙugu tana zazzaga faɗa da yaren da ba mai ji sai ita. To wannan yarinyar ce yau kwance a cinyata, ko ƙafa ba ta ɗagawa. Nan da nan na kira Yayata, wadda nas ce a sashen yara, kuma tun muna ƙanana ba ta san wani abu wai shi rarrashi ba.

"Yaya, Manaja ce. Amai da gudawa tun asuba."

"Da jini?"

"Babu."

"Tana gane ki? Tana kallon ki?"

"Harara ta ma take yi."

"To da sauranta. Abin yawo yake a gari, gadajenmu duk su ne. Tura Babanta kemis ya sayo garin ruwan gishiri da sukari na yara. Ki haɗa yadda aka rubuta a jikin ledar, kar ki ƙara komai, na san hannunki. Cokali-cokali za ki ba ta, ba kofi ba. In ta amayar, ki ɗan dakata, ki ci gaba. Kuma ki buɗe kunnenki: in la'asar ta yi ba ta yi fitsari ba, ko kika ga ta yi laushi ta daina kula ki, ki ɗauko min ita a sa mata ƙarin ruwa. Ba shawararki nake nema ba."

Ƙarin ruwa. Ba asibiti nake tsoro ba, tunda Yayata a can take kwana. Amma Manaja tana jaririya ta taɓa kwanciya, aka nemi jijiya a hannu aka rasa, aka nema a ƙafa aka rasa, ƙarshe sai da aka aske gefen kanta aka sa allurar a nan. Ina tsaye aka yi. Ni da sana'ata gyaran kan mutane, ina kallo aka sa reza a kan 'yata, kuma wurin ya daɗe bai fitar da gashi ba. Na yi wa kaina alkawari ba za a sake ba in dai akwai abin da hannuna zai iya.

Babanta ya dawo daga kemis da gudu, takalmi wari da wari. Na tafasa ruwa, na bar shi ya huce, na haɗa garin yadda aka ce. Na ɗebo a cokali, na yi murmushin da nake yi wa mai kuɗin da ta zo kitso.

"Manaja, ha."

Ta kalli cokalin, ta kalle ni, ta datse baki. Ashe ba ta manta ba. Da wannan cokalin muka ɗura mata wani magani mai ɗaci watannin baya, tun daga ranar suka ɓata. Na canza cokali, ta gane duk danginsu ɗaya ne. Na kawo kofinta mai hoton agwagwa, ta ture. Na kawo tsinken zuƙar lemo, ta cije shi ta tofar. Na kawo sirinjin ba da magani, ai kuwa sai ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta ƙwalla ƙara, abin da na samu na zuba ya dawo ta gefen baki ya gangara wuya.

Babanta ya ce in ba shi wuri. Gyaran firij da fanka yake yi, kuma irin mutanen nan ne da suke ganin ba abin da ya gagari sukundireba. Ya yi jirgin sama da cokalin, ya yi mota, ya yi kukan akuya. Ya sha da kansa yana lumshe ido yana cewa, "Kai, daɗi!" alhali fuskarsa ta nuna ƙarya yake yi. Manaja ta juya masa ƙeya.

"Ko mu matse hancin?" in ji shi.

"Ka matse hancin wa? Ta shaƙe mu shiga uku? Don Allah tashi ka wanke hannunka da sabulu ka goge ƙasan nan, in ba ka son gobe mu kwanta mu duka."

Rana ta ɗaga sosai. Leɓenta ya fara bushewa. Duk sanda gudawar ta zo na canza mata famfas, sai na taɓa gabansa in ji, a bushe yake ƙamas. Babanta ya shiga ɗaki ya fito da jaka, ya zuba kayanta da tawul, ya ajiye a bakin ƙofa, shirin asibiti ke nan. Na ga jakar, na yi kamar ban gani ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Ana cikin haka aka buga ƙofar shago. Na leƙa da Manaja a kafaɗa. Malama ce, wadda ke koyarwa a makarantar bayan layinmu. Jiya muka yi mata rabin kai magariba ta kama mu, muka ce ta dawo yau, ni kuma na manta da ita sam. Ta zame ɗankwali ta nuna min: gefe ɗaya kitso tsaf, gefe ɗaya gashi ya tashi tsaye yana kallon sama.

"Malama, yau ko kan sarauniya ne ba zan taɓa ba. Kar ma ki shigo, ki kwashi abin nan ki kai wa 'yan ajinku."

"Wayyo, Manaja! Sannu, 'yar gari. Allah ya sawwaƙe." Ta ja da baya. "To ara min mataji da robar feshin nan, in jiƙa shi in kama shi da kaina. Gobe iyayen yara za su zo, ba zan tsaya gabansu haka ba."

Robar feshi ita ce wadda nake zuba ruwa in fesa wa gashi ya yi laushi kafin in tsaga. Na miƙa hannu kan kanta na ɗauko, na matsa sau ɗaya a iska in ga ko da ruwa a ciki. Fiss.

Kan da ke kwance a kafaɗata ya ɗago.

"Fiss," in ji Manaja, da 'yar muryar da ta dishe.

Ita da robar nan tsohuwar rigima ce. Kullum sai ta ɗauke ta, kullum sai na ƙwace, don ruwan cikinta haɗe yake da man gashi, kuma abin da take so ta yi da ita ɗaya ne: ta juya bakin robar ta fesa a nata bakin. Na sha dukan hannunta a kan haka. Yanzu ga shi ta miƙo hannu, ta buɗe bakin da tun safe muke roƙo, ta buɗe shi har ina hango dasashi.

Wallahi ban san sanda na cilla wa Malama robar da matajin ba. "Tafi da su, na bar miki!" Na rufe ƙofa a fuskarta, Allah ya ba ta haƙuri. Na durƙusa gaban kabad ina watso kaya waje, zare, kibiya, ribom, man kitso, har na kai ga abin da nake nema. Akwai sabuwar roba da na saya na ajiye, tana cikin ledarta, ko ruwa ba ta taɓa gani ba.

"Baban Manaja! Ɗora ruwan zafi! Yi sauri!"

"Me ya faru? Ta suma ne?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Ɗora ruwa na ce!"

Na kira Yaya na faɗa mata da robar feshi zan ba ta ruwan.

"Sabuwa ce fil? Ba mai, ba turare?"

"Ko buɗe ta ban yi ba."

"Wanke ta da sabulu da ruwan zafi, har cikin bututun. Ki zaunar da ita, kar ki fesa tana kwance. Gefen kunci za ki nufa, ba maƙogwaro ba. Kaɗan-kaɗan. Ke dai ba kya rabo da abin mamaki." Ta kashe wayar, amma na ji dariya a muryarta.

Muka wanke roba kamar za a yi tiyata da ita. Na zuba ruwan gishiri da sukarin a ciki, na ɗauki Manaja na kai ta shago, na ɗora ta a kan babbar kujerar da ba ta yarda kowa ya hau sai wadda ta ga dama, na sa mata filo a baya, na juya ta tana kallon madubi. Na ɗaura mata tawul a wuya yadda nake yi wa masu kitso.

"Hajiya, sannu da zuwa. Wane iri za a yi miki yau?"

"Fiss."

Na fesa a gefen kuncinta. Ta rufe baki. Ta yamutsa fuska, ta motsa harshe, ni da Babanta mun zuba mata ido. Sai maƙogwaronta ya motsa.

"Ta haɗiye!" Babanta ya daka tsalle har kansa ya bugi fitila. "Wallahi ta haɗiye! Kin gani?"

"Rufe mana baki kar ka tsorata ta!" Ni ma ihun nake yi.

Ta sake buɗe baki. Na ƙirga a raina kamar yadda nake jira mai ya ratsa gashi, sannan na sake fesawa. Ta haɗiye. Muka jira aman, bai zo ba. Na sake. Kai, jama'a! Ban taɓa jin daɗin ƙarar roba irin na ranar ba.

Da ta ɗan samu ƙarfi sai mulki ya dawo. Ta nuna Babanta, ta nuna 'yar kujerar tsugunon da nake zama a kai. Wato ya zauna a yi masa kitso. Mutumin da sanƙo ya cinye kansa tun kafin mu yi aure! Ya zauna kuwa, ya sunkuyar da kai. Doka ta fito daga ofishin Manaja: a fesa wa kan Baba sau ɗaya, a fesa a bakinta sau ɗaya. In na tsallake Baba, sai ta datse baki ta kawar da kai. Haka muka yi ta yi. Ruwan sukari ya bushe a sanƙon, ya yi ƙyalli, ya fara danƙo, ƙuda biyu suka zo suka tare a kai. Ya ɗaga hannu zai kore su ta daka masa tsawa, don mai kitso ba ta son a motsa.

"Haba Manaja, ko tausayi?" in ji shi, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Zauna daidai, Alhaji," na ce, "kar tsagar ta karkace."

Ruwan robar ya sauka da kusan yatsa biyu. Na ɗaga ta a hasken taga ina nuna masa kamar mun ci kofi. Gudawar ma ta ɗan lafa. Na aika wa Yaya hoton robar, ta amsa da kalma ɗaya: "Fitsari?" Na taɓa famfas. A bushe. Na ce ba komai, yanzu muka fara.

Bayan azahar na ce ya karɓe ni in watsa ruwa in yi salla, don ni kaina warin amai nake yi. Na nuna masa yadda zai riƙe, na nuna masa gefen kunci, na ce ya jira tsakanin fesawa da fesawa. Ya ce ya gane. Ina cikin banɗaki na ji yana ta murna, "Yauwa! Ƙara! Jarumar Baba!" Raina ya ba ni wani abu. Ina fitowa na ji ƙarar da na fi tsana a duniya.

Duk abin da muka tara tun hantsi yana ƙasa, a kan tayil, har da gaban rigarsa. Manaja ta yi lamo a kujera tana nishi. Shi kuma yana tsaye da roba a hannu ɗaya, ƙaramar filaya a ɗaya hannun.

"Me ka yi?"

"Bakin ne na ga ya yi ƙanƙanta, feshin ba ya fita sosai. Na ɗan buɗe shi, sai ya riƙa fita tsiri-tsiri, tana ta sha, tana so..."

"Ka gyara? Ka gyara min roba? Wa ya ce maka ta lalace? Wannan 'yar mutum ce, ba firij ba ce! Kaɗan ɗin shi ne maganin, bawan Allah, kaɗan ɗin!"

Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba na sa ba ne, na gajiya ne. Ya durƙusa ya goge ƙasan da ruwan bilic, ya wanke hannu har gwiwa, sannan ya zauna a bakin ƙofa da robar ya yi ta murɗa bakin a hankali yana gwadawa a bayan hannunsa, har feshin ya koma laushi kamar da. Ya sake wanke ta, ya miƙo min bai kalle ni ba. Sai ya ba ni tausayi.

"Zo ka zauna," na ce. "Ba ta sha in ba a fesa wa sanƙon ba."

Muka dakata kamar yadda Yaya ta ce, muka sake ɗaukowa daga farko. Wannan karon ba ihu. Fiss a kansa, fiss a kuncinta, jira. Fiss, fiss, jira. Hannuna ya ƙage, na canza hannu. Ta yi gyangyaɗi, na bar ta kaɗan, ta farka ta buɗe baki da kanta. Ruwan ya zauna a cikinta. Ta ma nuna ayaba a kan tebur, na gutsura mata ɗan mitsitsi, ta tsotsa ta riƙe sauran a hannu. Murna ta sake taso min, na fara yi mata waƙar banza da nake ƙirƙira ina rawa da kafaɗa, Babanta na amshi da kai a sunkuye.

Sai aka kira la'asar.

Na kwantar da ita na buɗe famfas. Na taɓa gaba, na taɓa tsakiya, na ɗaga shi na auna nauyinsa a tafin hannu. Babu. Na sake taɓawa ko hannuna ne ya yi ƙarya. Waya ta yi ƙara.

"Yaya, tana sha fa. Wallahi tana sha, ba ta amayar ba tun ɗazu. Har ayaba..."

"Ta yi fitsari?"

"A ƙara mana ɗan lokaci."

"Ƙanwata," in ji ta, kuma rabon da ta kira ni haka har na manta, "na san abin da kike tsoro. Ni zan sa mata da hannuna. Taho da ita."

Na so in yi gardama, bakina ya cika da ita. Amma na kalli 'yata na ga yadda idonta ya faɗa, na san Yaya ta fi ni gaskiya. Na ce wa Babanta ya je ya tsayar da tasi. Ya ɗauki jakar ya fita. Ban ko tsaya ɗaura mata sabon famfas ba, na ce sai mun shiga mota, na zura mata riga, na yafa mayafi, na saɓe ta a ƙugu. Robar tana hannunta ta rungume. A bakin ƙofa na ga tana ɗiga a rigar, na zare ta daga hannunta zan sa a leda.

Tabɗi! Sai Manaja ta dawo Manaja. Ta sandare, ta harba ƙafa, ta buɗe maƙogwaro ta saki kukan da duk layin sai da ya ji. Ta kai min duka a ƙirji.

"Fiss! Nawa! Nawa!"

"Yi haƙuri, yanzu zan ba ki, bari mu..."

Hawaye ne a fuskarta. Manya-manya, suna gangarowa ta kunci suna haɗuwa a haɓa. Sai a lokacin na gane cewa duk kukan da ta yi tun asuba a bushe ta yi shi, na gani kuma na hana kaina sani. Ina tsaye ina kallon su kamar sakarya, sai na ji ɗumi a ƙuguna. Ɗumin ya bazu, ya bi zanina, ya gangara ta ƙafata har cikin silifas.

"Baban Manaja! Baban Manaja!"

Ya taho a guje daga bakin titi, mai tasi na danna masa oda a baya. Ya ga kududdufin da ke ƙasana, ya kalle ni, ya kalli 'yarsa.

"Gudawa ce?"

"Fitsari ne! Fitsari, wallahi! Taɓa ka ji!"

Ya taɓa kuwa, mutumin kirki, ya sa hannu a zanina ya sansana, sannan ya ɗaga hannu sama ya yi kabbara a tsakiyar layi. Maƙwabta suka leƙo ta taga. Na danna wa Yaya kira da hannun da ya jiƙe, na kara wayar a bakin Manaja ta ji ihun da kyau, sannan na ce, "Da hawaye, Yaya! Kuma ta jiƙa ni sharkaf!"

"Da yawa?"

"Har cikin takalmi!"

"To ku koma ciki. Ki ci gaba da feshin har ta yi barci, gobe ma haka. In wani abu ya canza, ko ta sake daɗewa ba ta yi ba, ki taho, kar ki tsaya kira na. Zan biyo in gan ta in na tashi." Ta ja numfashi. "Ki ba ta robarta mana, kunnena zai fashe."

Ban ba ta nan take ba. Na zauna a dokin ƙofa da jiƙaƙƙen zanina, na ɗora ta a cinya tana fuskanta ta, tana ta tsala kuka, ni ina ta dariya, nawa idon ma ya cika. Babanta ya tafi ba mai tasi haƙuri. Na bar ta ta ƙara yi kaɗan, ina share mata da babban yatsa wasu na sake zubowa.